Karen da na kulle ya ciji ɗiyata

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Lokacin da abin da zan faɗa muku ya faru ina da shekara talatin da ɗoriya, ina aure a wani ƙauye kusa da Azarori, da ɗiya guda mai shekara bakwai. Na haifi biyu bayanta, ba su zauna ba. Maigidana ɗan biɗa ne kamar yawancin mazan Adar: da an ɗaure hatsi an zuba a rumbu sai ya ɗauki jakarsa ya nufi Abijan, ba mu sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa, wata shekarar ma ya zarce. Gidanmu shi ne na ƙarshe ta yamma, daga darninmu sai gonaki sai dutse. Mu uku ne a ciki, ni da ɗiyata da uwar mijina, tsohuwa mai ciwon gwiwa, sai awaki da nake kiwo. Sana'ata saƙar tabarmar kaba.

Dila ne ya sa na fara tunanin kare, don sau biyu yana shiga garke yana ɗauke mani 'yan awaki. Shekara biyu da 'yan watanni kafin abin ya faru, da kaka, Fulanin da suka saba sauka gonarmu bayan girbi sun sauka, kuma akwai wata Bafulatana a cikinsu da muka shaƙu, ita ke kawo mani nono ina ba ta hatsi. Karyarsu ta haihu, kwikwiyo biyar. Na je na gansu kwance cikin kara, idonsu bai daɗe da buɗewa ba, raina ya kwanta da wani ja mai farin ƙirji. Na ce ta ba ni. Ta ce in yi haƙuri ya ƙara wata guda ko biyu a gindin uwarsa, don ɗan da aka cire daga nono ba lokaci ba, na mutum ne ko na bisa, zuciyarsa ba ta zama wuri ɗaya. Ni kuwa na san sun kusa tashi, na nace, har ta gaji ta ɗauko shi ta sa mani a ƙwarya. Ina tafiya ina jin uwar tana bin darni tana kuka, ban waiwaya ba.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce, wata huɗu ke nan da na binne jaririna. Hannuna ya saba da ɗauka, babu abin ɗauka. Sai na zuba duk wannan a kan ɗan kwikwiyo. Ina tatsar akuya in jiƙa tsumma in ɗiga mishi a baki, ina lulluɓe shi da tsohon zane in sanyi ya sauko. Surukata ta yi faɗa, ta ce najasa na jawo mana gida. Na je na tambayi malamin unguwa, ya ce karen tsaron bisashe babu laifi, amma a ware mishi kaskonsa, kada ya shiga ɗaki, kada ya sa baki a kwanon mutane. Na kiyaye wannan. Bai taɓa shiga ɗakina ba, amma a bakin ƙofata yake kwana, kansa a kan takalmina. Matan unguwa suka riƙa tsokanata suna ce mishi autana, har sunan ya bi shi, kowa Auta yake ce mishi.

Shekara biyu muka yi, ba na jin mun rabu na tsawon dahuwar tuwo. In na tafi rijiya yana bayana, in na tafi yankan kaba yana gabana, in na zauna saƙa yana kwance inda ƙafata za ta iya taɓa shi. Ko bayan gida na zaga sai ya tsaya a bakin darni yana ƙaramin kuka har in fito. Ni kaɗai ke ba shi abinci. In ɗiyata ta ɗauki kaskonsa sai in hana ta, in ce ba ta iya ba. Idan wani ya kira shi ya ƙi zuwa, daɗi nake ji, in ce ai Auta ba ya jin kowa sai ni. Abin da nake alfahari da shi ke nan, ashe cuta ce nake shukawa.

Da na gaji da yadda masu sari ke karya mani tabarmi a gida, sai na yanke in riƙa kai kayana kasuwar Madawa da kaina. Ranar farko ya bi ni har bakin hanya, inda motar kasuwa ke tsayawa gindin wata aduwa. Mota ta tashi, ya bi ta da gudu har ya zama ɗan ɗigo cikin ƙura. Da la'asar na sauko na tarar da shi a gindin aduwar nan, harshe waje, bai koma gida ba, bai sha ruwa ba. Daga nan na fara ɗaure shi ranar kasuwa. In na dawo sai in iske ya tauna igiya, ko ya tona rami a gindin turke har ya isa ya kwanta ciki, ko ya fizgo zanena daga shanya ya yayyaga ya kwanta a kai. Wata rana fitsari da kashi ya yi a bakin ƙofata, abin da bai taɓa yi ba tun yana ƙarami. Na ɗauka iskanci ne da ramuwa, na sa kara na zane shi. Yana kuka yana rarrafowa wajen ƙafata, ina ƙara mishi. Har ta kai da zarar ya ga na fara naɗe tabarmi na ɗauko mayafin fita, sai jikinsa ya kama ɓari, miyau na zuba, yana zagaya ni kamar wanda wuta ta kama wa gida.

Kukan ne ya fi tayar da hankalin unguwa. Ba haushi yake yi ba, ɗaga kai sama yake ya ja wani dogon kuka tun tafiyata har dawowata. A garinmu kusan kowace mace tana da miji ko ɗa a wata ƙasa, kuma kun san abin da ake cewa game da irin wannan kuka na kare. Mata suka riƙa zuwa wajen surukata suna cewa karen nan mutuwa yake kira, a yi wani abu. Tsohuwa ta tsorata, ta daina cin abinci ranar kasuwa, sai ta sa a kira mata ɗanta a salula ta ji muryarsa kafin hankalinta ya kwanta. Ni ma abin ya fara shiga raina, ina kallon Auta da wani ido.

Ana cikin haka, tsakiyar bazara, aka kira ni daga ƙauyenmu na wajen Deule cewa mahaifiyata ta faɗi, ba ta magana. Na rasa yadda zan yi da kare. Igiya ba ta riƙe shi, kuma na san in ya kuɓuce bin hanya zai yi. Akwai wani tsohon ɗaki a bayan gida da muke ajiye dusa da kaba, mai ƙofar kwano, da 'yar taga ɗaya da ko kan mutum ba ya shiga. Na zuba tuwo da miya a kaskonsa, na cika wani da ruwa, na kai ciki na kira shi. Ya shiga yana kaɗa wutsiya, don ni ce na kira. Yana sa baki a tuwon na ja ƙofa na sa sakata. Na gaya wa surukata kwana biyu zan yi, ta riƙa tura mishi abinci ta ƙarƙashin ƙofa. Tun kafin in fita gida ya fara dukan kwanon nan da jikinsa, ina jin ƙarar har na kai bakin hanya. Na toshe kunnena na hau mota.

Kwana huɗu na yi, don sai a rana ta uku mahaifiyata ta buɗe baki. Da hantsin rana ta huɗu ina dama mata kunu, salula ta yi ƙara. Maƙwabciyata ce, tana magana numfashinta na sarƙewa. Ta ce, "Ki taho maza, karenki ya haukace, ya ciji ɗiyarki." Ludayin ya faɗi daga hannuna. Daga baya na ji yadda aka yi. Surukata ta ji tsoron ƙarar da yake yi, ba ta ko kusanci ɗakin ba, ruwansa ya ƙare cikin wannan zafi. A rana ta huɗu ya yi shiru. Ɗiyata ta ji tausayinsa, ta ɗebo ruwa ta je ta zare sakata. Ya fito a guje ya bangaje ta, ita kuma don tsoron faɗana ta cafko guntuwar igiyar wuyansa ta riƙe. Ya juyo ya kafa mata haƙori a dantse, ya fizge ya tsallake darni. Waɗanda suka gan shi sun ce bakinsa duk kumfa da jini.

Ba zan iya kwatanta muku abin da kalmar haukan kare ta yi mani ba, sai na gaya muku abin da na gani ina yarinya. Wani maƙwabcinmu, magidanci mai raha, kare ya cije shi a ƙafa, ciwon ya warke, kowa ya manta. Bayan wata guda da 'yan kwanaki ya fara zazzaɓi, daga nan in aka miƙo mishi ruwa sai ya zabura ya yi ƙara, maƙogwaronsa ya shaƙe. Sai da maza huɗu suka ɗaure shi a ɗaki. Na leƙa ta katanga na ga idonsa, yana roƙon a ba shi ruwa, in an kawo kuma ya kasa ko kallonsa. Kwana uku ya yi a haka ya cika. Wannan fuska ce ta tsaya a gabana tun daga bayan babur ɗin kabu-kabun da ya kai ni Buza har motar da ta sauke ni Madawa, sai dai a jikin ɗiyata nake ganinta. Duk hanya bakina bai daina salati ba.

A asibitin Madawa na same su. Allah ya saka wa maƙwabciyata da alheri, ita ce ta ture tokar da surukata ta shafa wa ciwon, ta ƙi sauraron masu cewa a nemo gashin karen a ƙona a barbaɗa, ta ɗauki yarinyar ta kai wajen majo, wato ma'aikacin ɗakin shan magani na garinmu. Shi ya daɗe yana wanke wurin da sabuni da ruwa mai yawa, sannan ya turo su Madawa. Na tarar an riga an yi mata allurar farko, hannun a naɗe, idonta ya kumbura don kuka. Tana ganina abin da ta fara cewa shi ne kada in doke ta, ba da gangan ta sake shi ba. Na durƙusa na rungume ta. Ma'aikaciyar da ta yi allurar ta rubuta mana ranakun da za mu dawo, ta ja kunnena kada in tsallake ko ɗaya, sannan ta tambayi inda karen yake. Na ce ban sani ba. Ta ce in je yanzu-yanzu wajen likitan dabbobi.

Likitan dabbobin dattijo ne mai magana a hankali. Ya ce allura za a ci gaba da ita ko me ake ciki, amma in ina son in san gaskiyar abin da ya shiga jikin ɗiyata, kada in bari a kashe karen. A kama shi a ɗaure inda ba zai kai ga kowa ba, a sa mishi ido kwana goma sha biyar. Mahaukacin kare ba ya kai waɗannan kwanaki da rai. In ya kai yana ci yana sha, to ranar da ya yi cizon babu cutar a bakinsa. In kuwa aka kashe shi aka jefar a daji, zan yi watanni ina kallon yarinya ban san matsayina ba. Na kira gida, aka ce maza sun bazu da sanduna tun hantsi, an kuma aika a kira maharbi daga ƙauyen gaba.

Da la'asar motarmu ta iso gindin aduwar nan, na hango taron maza sun yi da'ira daga nesa, kowa da sanda ko dutse, maigari na tsakiyarsu. A bakin kwalbatin da ke ƙarƙashin hanya Auta yake kwance. Ashe nan ya nufo tun da ya tsallake darni, inda ya san mota na sauke ni. Na ba maƙwabciyata yarinyar na ce ta wuce da ita gida, na je na durƙusa gaban maigari na faɗi abin da likita ya ce. Mutane suka hau hayaniya, wani ya ce ɗiyata kaɗai ce ɗiya, nasu fa? Maigari ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya dube ni ya ce, "To wa za shi ɗaure shi? Ni ba ni sa ɗan kowa." Na ce ni zan ɗaure shi. Ya ce, "In ya taso miki, ba mu jiran maharbi."

Aka miƙo mani sarƙar ɗaure rago. Tsakanina da kwalbatin bai fi taku talatin ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Ban san ko karen da na sani ne a kwance can ba, ko wani abu ne da ya sa fatarsa. Da na matso na ga ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, leɓensa ya kumbura, busasshen jini a ƙirjinsa. Ya ɗago kai, idonsa ja. Na tsaya. Na kira sunansa, muryar da ta fito ba tawa ba ce. Sai ya miƙe da ƙyar, na ji maza a bayana sun motsa, na ɗaga musu hannu ban waiwaya ba. Ya taho yana ɗingishi, ni kuwa na rufe ido na miƙa lamarina ga Allah. Abin da na ji shi ne nauyin kansa a kan ƙafata, jikinsa na ɓari, yana wani siririn kuka. Na sa mishi sarƙa. Na ja shi muka ratsa gari, mata na janye 'ya'yansu suna rufe ƙofa.

Washegari likitan dabbobi ya zo a kan babur. Ya sa na ɗaure wa Auta baki da tsumma ya duba shi, sannan ya ce in nuna mishi ɗakin. Ban taɓa shiga ba tun da na dawo. Ƙasan ƙofar kwanon ya lanƙwashe ciki, gefensa duk shaidar haƙori da jini. Auta ya tona rami a gindin bango, ya kankare laka har inda tsawonsa ya kai, ga guntayen farce a ƙasa. Tuwon da na zuba yana nan ya bushe, bai ci ba. Likita ya ce ga inda jinin bakinsa ya fito, haƙori ɗaya ma ya karye, kumfar kuwa ƙishirwa da firgita suna kawo ta. Sai ya zauna a kan turmi ya yi ta tambayata: yana da kwana nawa na ɗauko shi, wa ke ba shi abinci, ya taɓa wuni ba ni, me nake yi mishi in na dawo na iske ɓarna. Ina amsawa ina jin kunya tana rufe ni. Ya ce shi a ganinsa wannan ba hauka ba ne, tsoron rabuwa ne, kuma karnuka na yinsa kamar yadda yaro ke yi. Ya ce an raba shi da uwarsa da 'yan'uwansa kafin ya koyi zama da kansa, sannan na mai da kaina duniyarsa duka, ban bar shi ya saba da kowa ba, ban taɓa gwada shi da ɗan gajeren rashi ba, rana ɗaya kawai na fara ɓacewa wuni guda. Dukan da nake yi mishi in na dawo ya ƙara mishi tsoro a kan tsoro, kullewar kuma ta ƙarasa shi. Amma ya ce ba zai rantse mani ba, don kare mai yawo a daji yana iya haɗuwa da komai, kuma shan ruwa ko sanin mai shi ba hujja ba ne. Kwanakin nan sai an cika su.

Na ɗaure shi a inuwar itacen bedin da ke bayan gida, na kewaye da ƙaya. Kowace safiya kafin in kai ga wurin ina tsoron in iske shi yana cizon ƙasa ko muƙamuƙinsa ya saki. In ya ƙi cin abinci da wuri, hankalina ya tashi. In ya kai wa ƙuda cafka, in ce shi ke nan ta fara. Babu mai shigowa gidanmu. A rijiya in na ajiye guga babu mai ɗauka, yara kuma aka hana su wasa da ɗiyata. Ita ma na hana ta sakat da kallo, ina taɓa goshinta, ina miƙa mata ruwa ko ba ta nema ba, don kawai in ga ta haɗiye.

A rana ta shida, da azahar, ta dawo daga inuwa ta kwanta, jikinta zafi kamar garwashi. Na ɗebo ruwa a moɗa na kai bakinta. Ta kurɓa, ta ɓata fuska, ta tofar, ta ture moɗar da hannu ta ce ba ta iya haɗiyewa. Wallahi ban san lokacin da na yi ƙara ba. Surukata ta rarrafo tana salati. Na saɓa yarinya mai shekara bakwai a baya kamar jaririya, ko takalmi ban sa ba, na ratsa rairayi mai zafi a guje zuwa wajen majo. Ina shiga na ce mishi ta fara, ta ƙi ruwa. Ya zaunar da ita, ya ɗauko kofi ya cika a gabanta yana kallon idonta. Ba ta zabura ba, kallonsa kawai take yi. Ya ce ta buɗe baki, ya haska da tocila, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Kwantar da hankalinki, uwar ɗiya. Maƙoshinta ne ya kumbura, irin wanda yara ke yi. Wanda kike tsoro ba haka yake zuwa ba, ba kuma da wannan sauri ba." Ya ba ta magani ya ce ta riƙa kurɓar ruwa mai ɗumi. Na zauna a dakalin ɗakin shan maganin, sai a lokacin na ga tafin ƙafata ya sale.

Kwana goma sha biyar suka cika Auta na ci yana sha, bakinsa ya warke. Likitan dabbobi ya dawo ya duba shi, ya yi mishi rigakafi, ya faɗa a gaban maigari cewa babu hauka a jikinsa. Ɗiyata ta gama allurarta. Likita ya ce ana iya gyara halinsa a hankali, in riƙa fita na ɗan lokaci ina dawowa ba tare da duka ko ɗoki ba, in bar wasu su riƙa ba shi abinci. Amma ban samu wannan dama ba. Ɗiyata in ta ji motsin sarƙarsa sai ta ƙanƙame ni tana kuka, maigidana kuma ya kira ya ce karen da ya ɗanɗana jinin ɗiyarsa ba ya kwana gidansa, ko in fitar da shi ko ya sa a fitar. Da ruwan farko ya sauka Fulaninmu suka biyo za su arewa da shanu. Na je na sami Bafulatanar nan na faɗa mata komai. Ba ta ce ai na gaya miki ba, sai ta ce in kawo shi. Mijinta ya ɗaure sarƙar a jikin jaki. Na juya na shige gida, ina jin kukan nan nasa yana nisa har ya ɓace.

Bayan girbi suka dawo gonarmu. Sai da na yi kwana uku kafin in iya zuwa, don ina tsoron abin da za a ce mani. Bafulatanar ta ce Auta ya yi kwanaki bai ci ba, sau biyu yana yunƙurin gudowa, sai suka bar shi ɗaure tsakanin sauran karnuka, kowa a rugar na jefa mishi abinci, har ya sake. Muna cikin magana shanu suka taso za su mashaya, sai ga shi a gefensu ya yi ƙiba. Ya gan ni ya tsaya, ya taho ya shinshina ƙafata yana kaɗa wutsiya. Mai shanun ya yi fito daga can, sai ya juya ya bi garke da gudu. Na tsaya cikin kara ina share hawaye, na san ya samu lafiyar da ni na hana shi.

Ɗiyata yanzu ta zama budurwa, tabon haƙora huɗu na nan a dantsenta, kuma har yau in ta hango kare sai ta canza hanya. Duk wanda ya tambaya cewa take yi mugun kare ne ya cije ta, ni kuwa na san ba shi da mugunta ko kaɗan. Ni na cire shi daga nono don in cike ramin da ke zuciyata, ni na hana shi sanin kowa, ni na doke shi a kan tsoro, ni na ja sakata. Don haka nake roƙon duk mai kiwon kare, na tsaron gida ne ko na garke: ku bar kwikwiyo ya ƙoshi da uwarsa, ku bar mutanen gida duka su saba da shi, ku koya mishi zama shi kaɗai tun yana ƙarami, kaɗan-kaɗan. In kun ga yana kuka da ɓarna a bayanku, ba iskanci ba ne, ba kuma mutuwa yake kira ba, ku tambayi likitan dabbobi kafin ku ɗauki sanda. In kuwa Allah ya ƙaddara kare ya ciji wani, ku wanke da sabuni ku ruga asibiti, ku kama karen da rai. Kuma ina haɗa ku da Allah, kada ku kulle abu mai rai a ɗaki ku yi tafiya, don ba ku san wanda tausayi zai sa ya buɗe ƙofar ba. A gidana yarinya ce mai shekara bakwai, da ruwa a hannunta.